Tsofaffi Biyu a Fayil Ɗaya

Ni dai tun ina yarinya ba na son ganin abu a hargitse. Ko gidan mutane na je na ga kalanda ta karkace a bango, hannuna zai yi ta ƙaiƙayi har sai na miƙe na daidaita ta, kunya ko ba kunya. Maigidana kan ce da za a biye min, da tuni na jera 'ya'yanmu uku bisa tsawo na manna wa kowa lamba a goshi. Shi ya sa ranar da na ce masa zan bar shagon buga takardu, inda na shekara goma sha ɗaya ina buga wa mutane wasiƙun neman aiki, in shiga kwas ɗin adana bayanan marasa lafiya, bai ko ɗago daga fankar da yake kwancewa ba. Cewa kawai ya yi, "Shi ke nan, asibiti ya samu mai shi."

Shekara guda muka yi a aji. Ina zaune cikin yaran da na ba wa shekara goma sha biyar, suna ce min Anti, suna aron littafina saboda rubutuna ya fi na kowa karantuwa. Muka haddace sunayen cututtuka da lambobinsu har na fara kallon maƙwabta ina ba su lamba a zuciyata. Daga nan aka rarraba mu asibitoci na wata uku, mu koyi aikin da hannunmu. Ni aka tura ni ɗakin kati na wani babban asibiti.

Daga waje taga biyu kawai mutum zai gani, inda ake yankar kati, da layin mutane kowa riƙe da ciwonsa. Amma bayan tagogin akwai dogon ɗaki mai kantocin ƙarfe har rufi, cike maƙil da fayil. Akwai tsani mai gajeriyar ƙafa ɗaya da aka tallafe da tsohon littafin rajista, da fanka guda wadda ta fi yin ƙara a kan iska, da warin tsohuwar takarda da ke bin mayafina har gida. Shugaban ɗakin wani dattijo ne siriri, shekararsa talatin da biyu a wurin. Kowa Baba Sannu yake ce masa, har manyan likitoci, don ko gobara ka zo gaya masa sai ya ce, "To, a sannu."

Allah ya gani, makon farko haushinsa na riƙa ji. Na taɓa duba agogo: minti huɗu ya yi yana buɗe wa mutum ɗaya kati. Zai tambayi suna, ya maimaita, ya tambayi sunan uba, ya tambayi ko an taɓa zuwa, a ce a'a, ya ce a sake tunani. Ni kuwa yatsuna a kan kwamfuta ba sa jiran kowa. Da aka ba ni aikin shigar da tsofaffin fayil cikin kwamfuta, kafin mako uku ina yin tamanin a rana, kaina har ya soma fasuwa.

Kwamfutar tana da wata ɗabi'a. In ta ga mutum biyu da bayanansu suka yi kama, sai ta ja musu layi ruwan ɗorawa, alamar wataƙila mutum ɗaya ne aka buɗe wa fayil sau biyu. Hakan yana faruwa sosai, mutum ya yar da katinsa ya dawo ya ce bai taɓa zuwa ba. Baba Sannu ya ce min, "'Yata, duk biyun da ta nuna miki, ɗaure su da roba ki ajiye min a wannan tebur. Kar ki haɗa. Ni zan duba." Na ce to. Nake ta ajiyewa, shi kuma yana duba biyu a rana, in ya ji daɗi uku. Tulin ya yi ta tashi har ya soma karkacewa, kuma a daidai saitin idona yake.

Wata Laraba aka kira shi taro. Na kalli tulin, tulin ya kalle ni. Na ce bari dai in rage masa ko ɗaya ne, ai taimako ne. Na ɗauko na sama. Tsofaffi mata ne. Suna ɗaya, sunan uba ɗaya, unguwa ɗaya, ranar haihuwa ɗaya ga watan ɗaya, shekara ɗaya. A aji an koya mana cewa in abu uku suka dace to akwai alama mai ƙarfi, ga shi nan ina da biyar. Haba, wannan ma har sai an jira wani?

Na zare takardun duka daga fayil biyun, na jera su bisa kwanan wata, na da can a ƙasa, na kwanan nan a sama. Waɗanda gefensu ya tattaune na sa almakashi na daidaita. Na huda sababbin ramuka a layi ɗaya, na sa su a sabon bango, na rubuta suna da lamba da rubutuna mai kyau, tsofaffin bangayen kuma na jefa su kwandon shara. Wallahi sai da na ɗan tsaya ina kallon fayil ɗin don daɗi kafin na sa shi a kanta. Ina jin takun Baba Sannu na koma kujerata. Ban gaya masa ba, kuma ba don tsoro ba, so nake in ya gano da kansa ya yaba min. Daga baya na manta da zancen gaba ɗaya.

Bayan mako biyar, ranar wata Litinin da hantsi, sai ga Sista, ma'aikaciyar jinya ta sashen ido, ta faɗo ɗakin ko sallama babu, fayil a hannu. Tun daga nesa na gane rubutuna a bangon fayil ɗin.

"Baba, wa ya taɓa wannan?" Ta dire shi a tebur. "Tsohuwa ce mai yanar ido, tana cikin waɗanda za a yi wa aiki ranar Alhamis. Ina duba ta, fayil ya ce an yanke mata yatsun ƙafa biyu saboda ciwon suga. Na sa ta cire takalmi. Sau biyu na ƙirga, Baba, goma ne cif. Ta ce ita suga a shayi kawai ta san shi."

Baba Sannu ya jawo fayil ɗin, ya buɗe, ya shafa sababbin ramukan da yatsa. Bai kalle ni ba, kuma da ya kalle ni da ya fi min sauƙi.

"Ni ce," na ce. "Ni ce na haɗa. Abu biyar ne suka dace."

Sista ta buɗe baki za ta wanke ni, ya ɗaga mata hannu. Ya ce min, "Ranar haihuwar, ɗaya ga watan ɗaya ce ko?" Na ce eh. Ya ce, "Duk tsohon da ya zo tagar nan bai san ranar haihuwarsa ba, ita muke rubuta masa. Shekarar kuma mai buɗe kati ne ke kallon fuska ya yanka. Da zan ce ki ciro min duk wanda aka haifa a wannan rana, sai ki kwashe rabin ɗakin nan. Unguwar kuwa ta fi wani garin girma, kuma sunan nan kowane layi akwai mai shi. Abu biyar ɗinki ko ɗaya bai cika ba."

Sista ta yi mana bayani a tsaye. Likitan da ke aikin yanar ido daga wani gari yake zuwa, sau biyu a shekara, kuma yini ɗaya yake yi. Ba ya taɓa idon kowa sai ya karanta fayil ɗinsa ya gamsu. In ba a raba matan nan biyu kafin Alhamis ba, tsohuwar sai ta jira wata shida.

Baba Sannu ya share dogon tebur, muka baje takardun. Sittin da uku ne. Arba'in da ɗaya suna da lambar fayil a sama, waɗannan ba su ba mu wahala ba. Sauran ashirin da biyu suna kawai ke jiki, don likita in layi ya yi masa yawa ba ya tsayawa rubuta lamba. Na ce to waɗannan fa? Ya gyara tabarau ya ce in matso.

A wannan yini na ga abin da ba a koya mana a aji ba. Ya nuna min cewa fayil ɗin ɗaya matar ya taɓa kwana ƙarƙashin yoyo, don haka duk takardunta suna da tabon ruwa a kusurwar ƙasa ta dama. Fayil ɗin tamu tsohuwar kuwa da ƙarfe aka matse shi shekara da shekaru, ƙarfen ya yi tsatsa ya bar ɗigo biyu ja a saman kowace takarda. Takardun gwaji da ake ba mutum ya kawo da hannunsa, ɗaya tana naɗe su kamar tabarma, ɗayar tana ninke su gida huɗu. Ya san rubutun likitocin da suka bar aiki tun ina makarantar firamare, ya san wanda ke duba masu suga da wanda bai taɓa dubawa ba. Yana yi yana lasar yatsa, a sannu, ni kuwa ina biye da shi kamar ba ni ce mai tamanin a rana ba. Kafin a tashi aiki saura takarda biyar.

"Waɗannan sai an tambayi mai su," ya ce. "Gobe za ta zo. Ke za ki tambaye ta, kuma ke za ki gaya mata dalili."

Washegari ɗanta ya kawo ta, direban motar haya, ƙato mai jan ido, mukulli na kaɗawa a yatsarsa. Ita kuwa 'yar ƙaramar tsohuwa ce mai fara'a, idanunta biyu sun yi fari kamar an ɗiga musu madara. Hannunta ɗaya yana kan kafaɗarsa, ɗayan riƙe da jakar zare. Saƙa ce sana'arta, hulunan jarirai da safa, kuma ko da ta daina gani ba ta yarda ta fita ba jakar ba. Na zaunar da su a ƙaramin ofis na durƙusa na gaishe ta, sannan na faɗi abin da na yi ba tare da kwana-kwana ba.

Ɗan ya miƙe tsaye. "Malama, kin san wata nawa muka yi muna jiran ranar nan? Shekaranjiya rigata ta gani a rataye ta tsaya tana gaishe ta. Shayi take zubawa a gefen kofi yana ƙona mata hannu. Ke kina nan kina wasa da almakashi!"

"Kai, zauna," in ji Inna. "Ka cika wa mutane ɗaki da hayaniya." Ta juyo inda take jin numfashina. "Wato ke kika haɗa ni da wata, 'yar nan? To Allah ya sa mai hali ce. Tambayi abin da za ki tambaya."

Huɗu daga cikin takardun biyar ba su ɗauki minti goma ba. Ta taɓa karaya a hannu? Ta miƙo min hannun hagu in taɓa inda ya ɗore a karkace. An taɓa kwantar da ita saboda ciwon ƙirji? Ko kusa. Haka muka yi har saura ɗaya.

Wannan ta ƙarshe 'yar guntuwa ce, rabin shafi, daga ɗakin haƙori, shekara goma sha tara da suka wuce. Likitan ya rubuta cewa an yi wa matar allurar kashe zafi za a cire mata haƙori, nan take fuskarta ta kumbura, numfashi ya sarƙe, ta faɗi, da ƙyar aka ceto ta. Ya ja layi biyu a ƙarƙashin gargaɗin kada a sake yi mata irin wannan allura ba tare da gwaji ba. Kuma dangin wannan allurar ake yi wa mutum kafin a taɓa masa ido.

Babu lamba a jiki. Babu tabon ruwa, babu tsatsa, babu tsofaffin ramuka. Ba wai ba su taɓa kasancewa ba ne. Takardar ce ta fi kowace tattaunewa a ranar da na haɗa fayil ɗin, sai na bi gefenta huɗu da almakashi na gyare ta tas, na manna ta a kan farar takarda don ta yi daidai da 'yan uwanta. Wataƙila ma lambar tana jikin abin da na share na zuba a kwando.

"Inna, an taɓa cire miki haƙori a nan?"

Ta wangale baki tana dariya, haƙora huɗu ko biyar suka leƙo. "Wanne daga ciki? An cire wasu, wasu kuma sun gaji sun tafi da kansu."

"Kin taɓa suma bayan an yi miki allura?"

Ta murza bakin jakarta. Ta ce ta tuna wata rana ta farka a kan benci a asibitin nan, wani yana yi mata fifita da kwali. Amma ko ranar haƙori ce, ko ranar da wannan ɗan ya faɗo daga babur aka ɗinke masa kai ta ga jini ta zube, wallahi ba za ta iya cewa ba. Wanda ya raka ta mijinta ne, shi kuma ya daɗe da rasuwa. Na rubuta amsarta yadda ta faɗe ta a takardar gyara, wadda ake cikewa duk lokacin da aka gyara kuskure a fayil.

Muka koma kan sauran takardun. Matan biyu kowace ta taɓa zuwa ɗakin haƙori kafin wannan rana, kuma bayanta babu wadda ta koma. Na kira lambar wayar da ke fayil ɗin ɗaya matar. Wani mutum ya ɗauka, ya ce jikanta ne, ta rasu shekara biyu ke nan a gida. Zancen haƙori kuwa bai san komai ba, lokacin yana goye.

Ɗan Inna yana tsaye a bakin ƙofa, ya ji komai. Ya sauke murya, ya dawo lallashi. "Malama, to ai abin ya zo da sauƙi. Sa ta a na mai rasuwar. Ita me zai same ta? Allah ya riga ya yi mata nata."

Da suka tafi Baba Sannu ya ajiye guntuwar takardar a tsakiyar tebur, fayil ɗaya a dama, ɗaya a hagu. Ya ce, "Hannunki ne ya ciro ta, ba nawa ba. In kin tuna daga inda ta fito, rubuta ki sa hannu, zan yarda da ke, likita ma zai yarda. In ba ki tuna ba, shi ma ki rubuta. Kina da zuwa gobe da azahar."

Da yamma a gida ina tsinke wa ƙaramar 'yata kitso, hankalina yana can kan tebur. Ina rufe ido sai in ga hannuna yana zaro takardar daga fayil mai tabon ruwa, na mai rasuwar, fes kamar a talabijin. Har launin bangon nake gani. Na gaya wa maigidana, ya ce, "To ai kin tuna ke nan, me ya rage?" Na so in yarda da shi, Allah ya sani na so. Amma wani abu ya tsaya min a rai. Ranar Litinin da muka baje takardun na ga wannan guntuwar, na juya ta gaba da baya, ban tuna komai ba. Hoton bai zo min ba sai da na ji muryar Inna, na ji labarin shayin da ke ƙona mata hannu. Na gwada rufe ido in ga hannuna yana ciro ta daga ɗaya fayil ɗin, mai tsatsa, sai ga shi shi ma ya fito fes. Ashe duk wanda na nema zuciyata za ta ba ni. 'Yata ta ce, "Umma, kina ja min gashi," na ba ta haƙuri.

Na yi ta auna abin. In na ce ta mai rasuwar ce kuma na dace, Inna za ta ga hasken ranar Juma'a, kowa ya manta da ni da almakashina. In kuma ban dace ba, za a kwantar da 'yar tsohuwar nan a yi mata allurar da ta taɓa kusan kashe ta tun tana da sauran ƙarfi. Na ji tsoro, kuma na ji haushin kaina irin wanda ban taɓa ji ba, don ni na jawo dole a yi wannan zaɓin.

Ranar Laraba kafin azahar na rubuta cewa ba a tabbatar da mai wannan takarda ba, kuma ni ce na lalata alamomin da za su nuna. Na sa hannu. Muka yi kwafi, kowane fayil ya samu ɗaya. Baba Sannu ya karanta sau biyu, ya sa nasa hannun a ƙasa, sannan ya buɗe littafin horona ya rubuta cewa sai na ƙara wata guda. Ko a jikina, da wata uku ya ƙara ma ba zan yi musu ba. Sista ta kira likitan a waya, ya ce a kawo tsohuwar duk da haka, zai gan ta da kansa.

Ranar Alhamis ina buɗe taga da safe, su ne na farko a layi. Inna ta sha ado, sabon mayafi, har da turare. Ta laluba ta kama ƙarfen tagar da hannu biyu.

"'Yar nan, ke ce? Na tuna. Jiya ina kwance abin ya dawo min tar. Ba ni ba ce. Ni ko ƙofar ɗakin haƙorin nan ban taɓa takawa ba, duk a gida suka zube. Ranar babur ce na suma."

Da sauri take maganar, kamar yaro mai biya karatu, ba ta ko tsaya shan iska ba. Ɗanta ya kau da kai yana kallon bango. A cikin fayil ɗinta kuwa akwai takardar ɗakin haƙori mai lambarta da ɗigon tsatsarta, kuma shekaranjiya da bakinta ta ce an cire mata wasu a nan. Na waiga, Baba Sannu yana bayana. Ya ce a hankali, "Abin da mai fayil ta faɗa game da gyara, a takardar gyara yake shiga." Na rubuta kalmominta da lokacin da ta faɗe su, ƙarƙashin na ranar Talata.

Wajen ƙarfe goma sha ɗaya likitan ya gan ta. Sista ta gaya min daga baya cewa ya karanta takardar gyaran tun daga sama har ƙasa, ya riƙe hannun Inna ya yi mata magana da ladabi. Ya ce ba zai iya ba. Sai an yi mata gwajin allurar a wani asibiti, abin da ke ɗaukar makonni, in ya dawo kuma ita ce ta farko a jerinsa.

Da rana na fito kai wasu fayil sashen ido. Barandar cike take da tsofaffi, kowa da farin bandeji a ido ɗaya, 'ya'ya da jikoki suna ta yi musu sannu, wani yana tsokanar kakarsa cewa gobe za ta ga irin munin da ya yi. Inna tana can ƙarshen benci da jakar zarenta a cinya, ba su tafi ba. Na so in bi ta ɗaya hanyar, amma ƙafata ta kai ni gabanta. Na durƙusa na ce, "Inna, ni ce. Ki yafe min."

Ta ce, "Ke nake jira. Abin da na faɗa miki da safe, kin rubuta?"

"Na rubuta, Inna."

"Goge shi."

"Ba a gogewa. Abin da ya shiga fayil ya shiga ke nan."

"Ko da mai maganar ta janye abarta?"

"Sai dai in ƙara a ƙasa cewa kin janye."

Ɗanta ya ce, "Inna, mu tafi, rabu da su." Ta ɗaga masa hannu.

"Da furfurata," ta ce, ba da ni take ba, ba kuma da shi ba. "Na tashi da asuba na yi wanka na zo na yi wa 'yar cikina ƙarya ta taga." Sai ta juyo gare ni. "Fayil ɗin yana kusa?"

Yana hannun Sista. Na je na karɓo, na buɗe takardar gyaran a kan gwiwata.

"To rubuta. Ki ce maganar safe ƙarya na yi, ban tuna komai ba. Ki ce ido nake so, shi ya sa."

Na rubuta. Ta sa na karanta mata. Ta gyaɗa kai ta ce haka ne. Sannan ta rataya jakarta ta miƙe, ta kai hannu tana neman kafaɗar ɗanta. Sau biyu tana kama iska kafin ta same ta.